Ƙarambau, Ƙurajen Ɗamara Da Shanyewar Ɓarin Jiki

Jama'a, darasinmu na yau game da cuta uku ne waɗanda mu ke ɗauka kowace zaman kanta ta ke yi, alhali kuwa akwai igiyar da ta ɗaure su wuri guda. Ta fari ita ce cutar ƙarambau, wadda kowa ya sani a jikin yara. Ta biyu waɗansu ƙuraje ne masu zafin gaske da su kan fito wa manya a ɓari guda na jiki. Ta uku ita ce shanyewar ɓarin jiki, wadda ta kan kwantar da magidanci rana ɗaya, ta bar iyalinsa cikin wahala. Likitoci sun gano cewa ta fari ita ce ke haifar ta biyu, ta biyu kuwa ta kan buɗe wa ta uku ƙofa. In mun fahimci yadda abin ya ke, za mu san ranar da ya kamata mu tashi zuwa asibiti, mu kuma san watannin da ya kamata mu zuba wa mara lafiya ido.

1. ƘARAMBAU

Ƙarambau ba baƙo ba ne a gidajenmu. Yaro ya kan fara da ɗan zazzaɓi da kasala da ƙin abinci. Bayan kwana 1 ko 2 sai ƙuraje su feso masa a ƙirji da baya da fuska da cikin gashin kai. Su kan fara kamar cizon sauro, sa'an nan su tara ruwa, sa'an nan su fashe su yi ɓawo. Ƙaiƙayinsu ba ya barin yaro ya yi barci. Cikin mako guda ko kwana 10 galibin yara sun warke.

Kada mu rikita shi da ƙyanda. Ƙyanda ta kan zo da mura da tari da jan ido, ƙurajenta kuwa ba su tara ruwa. Kada kuma mu rikita shi da agana, wadda kakanninmu ke kira 'yan rani. Agana ta ƙare. Rabon da a gan ta a Nijeriya tun 1970, a 1980 kuwa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da sanarwa cewa an kawar da ita daga duniya duka. Amma akwai ƙyandar biri, wadda ta sake ɓulla a ƙasar nan a 2017, ita ma ƙurajenta na tara ruwa. Saboda haka in mun ga manyan ƙuraje har a tafin hannu da tafin ƙafa, ga kuma kaluluwa, to, malaman asibiti ne za su faɗi ko wace ce.

Abin da ke kawo ƙarambau wata ƙwayar cuta ce ƙanƙanuwa ƙwarai, irin wadda likitoci ke kira bairas. Ta kan bi iskar numfashi, ta kan kuma bi ruwan ƙurji. Wanda ya ɗauke ta ba ya nuna alama sai bayan kwana 10 zuwa 21. Ya kan fara rarraba ta kwana 1 ko 2 kafin ƙurajensa su fito, ba ya kuwa dainawa sai dukansu sun yi ɓawo. Shi ya sa in ƙarambau ya shiga babban gidan haya a Unguwar Shanu ko Badarawa, ba ya fita sai ya leƙa ɗaki ɗaki. Haka ya kan yi a makarantar allo da makarantar kwana da barikin soja.

A ƙasashe masu zafi irin tamu mutane da yawa su kan girma ba su yi ƙarambau ba. In ya kama babba kuwa ya fi tsanani, har ya kan sauka a huhu. Mace mai ciki da jariri sabon haihuwa su ne a ka fi jiye wa tsoro, don haka a nisanta su da mai ƙurajen.

Jiyyar yaro mai ƙarambau ba ta da wuya. A yanke masa farce don kada ya soshe ƙurajen su zama gyambo. A yi masa wanka kullum, a sa masa tufafi marasa nauyi, a ba shi ruwa da yawa. In zazzaɓi ya dame shi a ba shi farasitamol. Kada a ba shi asfirin ko kusa, domin asfirin a jikin yaro mai ƙarambau ya kan jawo wata muguwar cuta ta hanta da ƙwaƙwalwa.

2. INA ƘWAYAR KE ZUWA BAYAN AN WARKE?

In ɓawo ya zube mu kan ce yaro ya rabu da ƙarambau har abada. Gaskiya ne da wuya ya sake yin ƙarambau. Amma ƙwayar ba ta bar jikinsa ba.

A nan sai mu lura da kalma guda. Mu kan ce "jijiya", amma jijiya iri biyu ce a darasin nan. Akwai jijiyar jini, wadda ta ke kamar bututun famfo, jini na gudu a cikinta. Akwai kuma jijiyar saƙo, wadda ta ke kamar wayar lantarki, tana kai labarin zafi da sanyi da taɓawa daga fata zuwa laka da ƙwaƙwalwa. Jijiyoyin saƙo suna fitowa daga laka bibbiyu, ɗaya dama ɗaya hagu, kowace tana kula da nata yankin fata. Kowace tana da ɗan ƙulli a gindinta kusa da ƙashin baya. Jijiyar da ke kula da fuska kuwa nata ƙullin yana can cikin ƙoƙon kai.

To, sa'ad da yaro ke fama da ƙuraje, ƙwayar ta kan lallaɓa ta shige cikin waɗannan ƙulle-ƙulle ta kwanta. Ba ta motsi, ba ta sa ciwo, ba mai ɗaukarta daga gare shi. Misalinta kamar garwashi ne da a ka rufe da toka da dare. Mai wucewa ya ga murhu ya mutu, amma in an tone aka hura sai wuta ta tashi. Wannan garwashi ya kan yi shekara 40 ko 50 a jikin mutum yana jiran iska.

Ba rana ɗaya aka gane haka ba. A 1888 wani likitan yara a birnin Budafes na ƙasar Hangare, mai suna Bokay, ya lura cewa yara su kan yi ƙarambau bayan sun zauna kusa da babban da ke da ƙuraje a ɓari guda. A 1953 wani likita a Amurka, Thomas Weller, ya raini ƙwayar a cikin kwalba, daga baya ya nuna cewa ta yaro da ta babba ɗaya ce. A 1965 kuma Dokta Hope-Simpson, likitan wani ƙaramin gari a Ingila, wanda ya yi shekaru yana rubuta labarin marasa lafiyarsa ɗaya ɗaya, ya bayyana cewa ƙwayar ɓuya ta ke yi a gindin jijiya, ta farka in ƙarfin jiki ya ragu.

3. ƘURAJEN ƊAMARA

In ƙwayar ta farka ba ta sake watsuwa jiki duka. Ta kan bi jijiyar saƙo guda ɗaya, daga ƙulli zuwa fata. Don haka ƙurajen su kan jeru a layi, daga tsakiyar baya su zagayo haƙarƙari zuwa tsakiyar ƙirji, su tsaya nan. Turawa suna ce musu shingils, likitoci kuwa suna ce musu zosta, watau ɗamara a harshen Girka. Mu ma a darasin nan za mu kira su ƙurajen ɗamara.

Ga alamominsu. Da fari mutum ya kan ji zafi ko zugi ko suka a wuri guda, kwana 2 ko 3 kafin a ga kome. Waɗansu su kan zaci ciwon zuciya ne, ko ƙoda, ko haƙori. Sa'an nan wurin ya yi ja, ƙuraje masu ruwa su fito gungu gungu. Babbar shaidarsu ita ce ba su ƙetare tsakiyar jiki. In dama ne dama kaɗai, in hagu ne hagu kaɗai. Su kan bushe cikin mako 2 zuwa 4, amma waɗansu tsofaffi zafin ya kan zauna musu watanni bayan fata ta warke, har riga ma ba su son ta taɓa wurin.

Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Abin da ke tsare ƙwayar nan a kwance shi ne garkuwar jiki, kuma ga abubuwan da ke tsaga ta: tsufa, musamman daga shekara 50, ciwon sukari, ciwon daji da magungunansa, cutar ƙanjamau, da yawan shan ƙwayoyin da a ke kira sitiroyid, waɗanda waɗansu ke saya don neman ƙiba ba da umarnin likita ba. A Amurka an lissafta cewa mutum 1 cikin 3 ya kan yi ƙurajen ɗamara a rayuwarsa. In sun fito wa saurayi ko budurwa, likita ya kan so a auna jini don a san abin da ya raunana jikin. Wannan ba zargi ba ne, neman sanin gaskiya ne tun da wuri.

Mai ƙurajen ɗamara ba ya sa wa wani ƙurajen ɗamara. Amma ruwan ƙurjinsa ya kan sa ƙarambau ga wanda bai taɓa yi ba. Kaka mai ƙurajen ta rufe wurin da tsumma mai tsabta, ta dakata da goyon jika sai sun bushe.

Wuri biyu ne mafi haɗari. Na ɗaya goshi da fatar ido da kan hanci. In ƙurji ya fito a tsinin hanci, alama ce ido na cikin haɗari, har a kan makance. Na biyu cikin kunne, inda ya kan karkatar da fuska, ya rage ji, ya sa jiri. Mu mutanen Kaduna mun yi sa'a, domin Cibiyar Kula da Ido ta Ƙasa tana nan wajen Mando, Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa ita ma tana cikin garin nan.

Akwai magani. A kan ba da ƙwaya mai suna asaiklobir ko 'yan'uwanta, a sha kwana 7. Ba ta kashe ƙwayar cutar ƙurmus, amma ta kan hana ta yaɗuwa, ta gajarta ciwon. Sharaɗinta guda ne: ta fi aiki in an fara ta cikin awa 72, watau kwana 3, daga fitowar ƙurajen.

4. SHANYEWAR ƁARIN JIKI

Yanzu sai mu juya ga cuta ta uku. Duk wanda ya ga lambunan rani a bakin Kogin Kaduna ya san yadda a ke kora ruwa. Akwai babbar hanyar ruwa, ƙanana na tsagewa daga gare ta, kowace na shayar da nata fangali. In hanya guda ta toshe, fangalinta ya bushe. In ta ɓalle, ruwa ya kwashe shuka. Haka ƙwaƙwalwa ta ke da jijiyoyin jini. In jijiya ta toshe da gudan jini, yankin da ta ke ciyarwa ya fara mutuwa. In ta fashe, jini ya malala ya danne ƙwaƙwalwa. Ko wanne ya faru, gaɓar da wannan yanki ke mulki sai ta daina aiki. Bambancin kawai shi ne fangali ya kan jure kwana, ƙwaƙwalwa kuwa mintoci kaɗan ta ke jurewa.

Akwai abu guda da za mu riƙe. Ɓarin dama na ƙwaƙwalwa shi ke mulkin hannu da ƙafa na hagu, ɓarin hagu kuwa shi ke mulkin na dama.

5. IGIYAR DA TA HAƊA SU

Mun ce jijiyar saƙo ta fuska tana da ƙulli cikin ƙoƙon kai. To, wannan jijiya ba fata kaɗai ta ke zuwa ba. Tana da rassa da ke kaiwa ga jijiyoyin jinin ƙwaƙwalwa. In ƙwayar ta farka a wannan ƙulli, ta kan bi reshe guda ta fito goshi inda mu ke ganinta, ta kuma iya bin wani reshen ta shiga bangon jijiyar jini inda ba mu gani. Bangon ya kumbura ya yi kauri, hanyar jini ta ƙuntata, gudan jini ya sami wurin maƙalewa. Wani lokaci kuma bangon ya yi rauni ya fashe. Ko da ƙurajen a haƙarƙari su ke, zafin cutar ya kan sa jini saurin daskarewa na ɗan lokaci.

Likitoci sun daɗe suna ganin wani abin mamaki: mutum ya yi ƙuraje a goshin hagu, ya warke, bayan makonni sai hannunsa da ƙafarsa na dama su shanye. Wanda ya riƙe abin da mu ka faɗa a kashi na 4 ya ga dalili. Ƙwayar ta taɓa jijiyar jini ta ɓarin hagu, ɓarin hagu kuwa shi ke mulkin dama.

An kuma yi lissafi. A 2009 aka fitar da wani bincike daga Taiwan, inda aka bi mutum 7,760 da suka yi ƙurajen ɗamara har shekara guda. Aka ga sun fi sauran mutane samun shanyewa da wajen kashi 30 cikin 100. Waɗanda ƙurajen suka fito wa a ido kuwa, nasu haɗarin ya ninka fiye da sau 4.

A 2014 masu bincike a Landan suka duba takardun mutum 6,584 da suka yi ƙurajen suka kuma sami shanyewa, don su ga lokacin da abin ya fi faruwa. Ga yadda za mu fahimci abin da suka samu. Mu ɗauka a cikin wata jama'a mai yawa, mutum 100 ne su kan sami shanyewa in ba ƙurajen. To, a mako 4 na fari bayan ƙurajen sai a sami 163. Daga mako na 5 zuwa na 12 a sami 142. Daga mako na 13 zuwa na 26 a sami 123. Bayan wata 6 lissafin ya koma kusa da yadda ya ke a da. Sun kuma ga cewa waɗanda aka ba maganin ƙurajen, haɗarinsu bai kai na waɗanda ba a ba ba. Wani bincike da aka fitar a Amurka a 2022, wanda ya bi mutum fiye da 200,000, ya nuna ɗan ragowar haɗarin ya kan daɗe shekaru.

A ƙasashen waje aka yi waɗannan lissafi, amma ƙwayar ɗaya ce, jijiyar mutumin Kawo kuwa ba ta bambanta da ta mutumin Landan ba.

Yara fa? A 2001 likitocin birnin Toronto na Kanada suka duba yaran da jijiyar ƙwaƙwalwarsu ta toshe, suka tarar kusan 1 cikin 3 ya yi ƙarambau a cikin shekarar da ta gabata. Kada wannan ya tayar wa iyaye hankali. Abin ba ya yawan faruwa, an kimanta yaro 1 ne cikin 15,000 masu ƙarambau. Amma in yaro ya yi ƙarambau, bayan wata 2 ko 4 aka ga yana jan ƙafa, ko hannu guda ya saki, ko bakinsa ya karkace, a kai shi asibiti ran nan, a kuma gaya wa likita ya yi ƙarambau. A ƙasarmu yara masu sikila su ne suka fi samun shanyewa, don haka su a ke ƙara sa wa ido.

6. BABBAN MAI LAIFI

Kada mu bar jaki mu dinga dukan taiki. Galibin masu ƙurajen ɗamara su kan warke ba su sami shanyewa ba. Babban mai kawo shanyewa a ƙasarmu shi ne hawan jini. A 2018 aka fitar da sakamakon wani babban bincike da aka yi a asibitocin Nijeriya da Gana, har da na Zariya da Kano. An gwada mutum 2,118 masu shanyewa da waɗansu 2,118 da ba su da ita. Lissafin ya nuna da za a kawar da hawan jini, da wajen 9 cikin 10 na shanyewar ba su faru ba. Ciwon sukari da yawan kitse a jini da barbaɗa gishiri a abinci da rashin cin ganye su ma suna da hannu. Wajen kashi 1 cikin 3 na marasa lafiyar nan kuwa fashewar jijiya ce ta same su.

Ga inda maganar ta haɗu. Mutumin da ya ba shekara 50 baya shi ne ƙurajen ɗamara ke nema, shi ne kuma hawan jini ke nema. Hawan jini ba ya sallama, mutum ya kan yi shekaru da shi bai sani ba. In ƙurajen suka tarar da jijiya wadda hawan jini ya riga ya gajiyar, sai nauyi ya hau kan nauyi.

Mu ɗauki misali da wani tela mai shekara 58. Ran Litinin ya ji goshinsa na hagu na zugi, ya sayi maganin ciwon kai a kemis. Ran Laraba ƙuraje suka fito. In ya tafi asibiti ran Alhamis, yana cikin kwana 3. Za a ba shi magani, a duba idonsa, a auna jininsa, watakila a tarar ya hau, a fara masa magani tun bai yi ɓarna ba. In kuwa ya ce bari ya gama ɗinkin mutane tukuna, ya shafa toka ya ɗaure kai, to, kwana 3 sun wuce, hawan jinin na nan a ɓoye, ga shi ya shiga makonnin haɗari ba wanda ya sani. Tazarar da ke tsakanin hanyoyin nan biyu kuɗin mota ne da yini guda.

7. ABIN DA ZA MU YI

In ƙurajen ɗamara sun fito:

Na ɗaya, a rubuta ranar da suka fito a takarda, a ajiye. Daga ranar a ke lissafin kwana 3 na magani da wata 6 na sa ido.

Na biyu, a tafi asibiti kafin kwana 3 su cika. In a goshi ne ko ido ko kunne, a tafi ran nan. Ko kwana 3 sun wuce ma a tafi, kada a ce an makara.

Na uku, a roƙi a auna hawan jini da sukari. In awo ya kai 140 bisa 90 ko ya fi, aka maimaita aka sami haka, to, sai a bi umarnin likita. Mai shan maganin hawan jini kada ya daina don ya ji sauƙi.

Na huɗu, kada a fasa ƙurajen, kada a yi musu tsaga ko ƙaho, kada a shafa toka ko kananzir. A wanke da ruwa mai tsabta, a bar wurin a bushe.

Na biyar, mai shan taba ya bari. A rage gishiri da ɗanɗanon miya na kanti. A yawaita zogale da alayyafo da rama.

Sa'an nan kowa a gida, har yara masu wayo, ya san alamomi 3 na shanyewa, waɗanda su kan zo farat ɗaya. Fuska: a ce ya yi murmushi, a ga ko baki ya karkace. Hannu: a ce ya ɗaga duka biyu, a ga ko ɗaya na faɗuwa. Magana: a ce ya faɗi sunansa da na unguwarsu, a ji ko harshe ya yi nauyi. Gani ya ɗauke farat ɗaya, ko tangaɗi, ko ciwon kai irin wanda bai taɓa ji ba, su ma alamu ne. Ko alamar ta wuce bayan minti 10 a tafi asibiti, domin gargaɗi ne.

In an ga ɗaya daga ciki a duba agogo, a riƙe lokacin. A kwantar da shi ta gefe. Kada a ɗura masa ruwa ko kunu ko magani, don maƙogwaronsa ba ya haɗiya daidai, abin zai tafi huhu. Kada a ba shi asfirin a gida, domin in fashewar jijiya ce zai ƙara zubar jinin, hoton ƙwaƙwalwa ne kaɗai ke rarrabewa. A nemi mota nan da nan zuwa babban asibiti, kamar Asibitin Koyarwa na Barau Dikko, ko Babban Asibitin Kawo, ko Asibitin Yusuf Ɗantsoho a Tudun Wada, wanda duk ya fi kusa. Maganin narkar da gudan jini, inda a ke da shi, cikin awa 4 da rabi na fari a ke ba da shi. Waɗansu su kan ce jifa ne ko iska ce, su kwana suna turare. A yi addu'a a cikin mota, ana tafiya. In an isa a gaya wa likita labarin ƙurajen da ranar da suka fito.

8. RIGAKAFI

Akwai allurar rigakafin ƙarambau. Wani likitan Japan mai suna Michiaki Takahashi, wanda ya ga yadda ƙarambau ya wahalar da ɗansa, shi ya haɗa ta a 1974. Amurka ta fara yi wa yaranta a 1995. Ba ta cikin jerin alluran da gwamnati ke yi wa yara kyauta a Nijeriya, sai dai a tambaya a asibitocin kuɗi.

Akwai kuma allurar manya ta hana ƙurajen ɗamara, mai suna Shingrix, wadda ta fito a 2017. A kan yi ta sau 2, tsakani wata 2 zuwa 6, ga masu shekara 50 zuwa sama, tana kuwa tsare fiye da mutum 90 cikin 100. A 2025 aka fitar da bincike daga Koriya ta Kudu a kan mutum fiye da miliyan 1, aka ga waɗanda aka yi wa wata allurar ƙurajen ɗamara sun fi sauran ƙarancin ciwon zuciya da shanyewa da wajen kashi 23 cikin 100. Allurar nan tana da tsada, mai hali ya tambayi likitansa. Wanda ba shi da hali kuwa, awon jini da zuwa asibiti da wuri suna hannunsa. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

TAMBAYOYI

1. Ina ƙwayar ƙarambau ke ɓuya bayan yaro ya warke?
2. Wace alama ce ke rarrabe ƙurajen ɗamara da sauran ƙuraje?
3. Cikin kwana nawa ya kamata a fara shan magani?
4. Don me ƙuraje a goshin hagu su kan shanye hannun dama?
5. Wata nawa za a yi ana sa wa mara lafiya ido?
6. Faɗi alamomi 3 na shanyewa, da abu 2 da ba a ba mara lafiya a gida.

AIKI

Kowa ya tafi asibitin unguwarsu cikin makon nan a auna masa jini. Ya rubuta lambobin biyu da kwanan wata a bayan littafinsa, ya kuma karanta wa mutanen gidansa kashi na 7 da ƙarfi.